Wace tsaraba ce ta dace da abokin aiki Basine da zai koma gida?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka zauna da Sinawa ko suka yi fatauci a ƙasarsu. Ina aiki da wani injiniya Basine a wani kamfanin gine-gine nan Damagaram, mutumin kirki ne wanda ya koya mini aiki ba tare da ƙyashi ba, kuma lokacin da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya har gida ya taka ya gaishe ta. Kwantiraginsa ya ƙare, zai tafi kafin bikin sabuwar shekararsu. Na yi niyyar haɗa masa takobin Buzaye mai kuben fata, da agogon bango mai siffar taswirar Nijar, da hular hannu koriya wadda na zaɓa saboda launin tutarmu. Tafintanmu ya ce mini dukansu ukun ba su dace ba, amma bai tsaya ya yi mini bayani ba. Shin maganarsa gaskiya ce?

Alhaji Mai Kwantena:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ku gode wa tafintan nan, domin ya cece ku daga jin kunya. Na daɗe ina saro kaya a biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, kuma abubuwan da kuka lissafa suna cikin waɗanda ake fara jan kunnen baƙo a kansu.

Agogon bango shi ne mafi muni. A harshensu, idan aka ce "ba da agogo", lafazin daidai yake da na "raka mamaci makwancinsa", saboda haka wanda aka miƙa wa yana iya jin kamar ana ƙirga masa sauran kwanakinsa ne. Ku ɗauka wani ya naɗo farin ƙyalle mai tsawon likkafani ya kai wa dattijo a matsayin tsaraba. Agogon hannu ya fi sauƙi domin sunansa dabam ne, ko da yake shi ma ya taɓa jawo magana: a watan Janairun 2015 wata ministar sufuri ta Ingila ta bai wa magajin garin Taipei, babban birnin Taiwan, mai suna Ko Wen-je, ƙaramin agogo, shi kuwa ya ce wa manema labarai wataƙila ya sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, kafin daga baya kowannensu ya nemi afuwa.

Koriyar hula kuwa zagi ce tsantsa ga magidanci. Idan suka ce namiji ya sa koriyar hula, suna nufin matarsa tana cin amanarsa, kuma wannan magana ta yi ƙarnuka a bakinsu, yaro da babba kowa ya san ta. Abokinku ba zai taɓa sa ta ba, kuma idan abokan aikinsa suka gani za su daɗe suna yi masa dariya. Takobi da wuƙa da almakashi alamar yanke zumunci ne, ga shi kuma kuna ba da shi ranar rabuwa. Haka nan ku guji laima, domin sunanta yana kama da "watsewa", da takalmi, da duk abin da adadinsa huɗu ne, saboda huɗu tana kama da "mutuwa" a furuci. Kada ku naɗe kyautar da fari ko baƙi, waɗannan launukan makoki ne. Ja shi ne launin murna.

Malam Na Zango:

Ina da ja a kan wannan magana. Abin da Alhaji ya zayyana camfi ne daga farko har ƙarshe, kuma addininmu ya hana camfi. Agogo ba ya kawo ajali, takobi a kube ba ya raba masoya. Idan Musulmi ya fara kauce wa lamba huɗu domin wani yana tsoronta, ina gudun kada a wayi gari shi ma abin ya shige masa zuciya. Mutumin nan ya zauna a ƙasarmu, ya ga takobi a wurinmu abin girmamawa ne, a fadar Sarkin Damagaram ma kayan ado ne da martaba. Me ya hana a ba shi, a kuma yi masa bayanin abin da muke nufi?

Hajiya Mai Atamfa:

Allah ya gafarta Malam, a ganina ba wanda ya ce Ɗan Birni ya gaskata camfin. Abin da ake so shi ne ya faranta wa mutumin da ya kyautata masa, kuma hadisin da ya ce a yi wa juna kyauta domin a so juna ba zai cika ba idan kyautar ta bar wa mai karɓa nauyi a zuciya. Bayanin da za a yi masa a Damagaram ba zai bi kayan har gida ba. Shi mai ilimi ne, watakila ba ya damuwa, to amma yana da mahaifiya da surukai da za su ga agogon a bango.

Su ma suna yi mana wannan kara. Tun da aka buɗe matatar mai a kan hanyar Tanut a ƙarshen 2011, mutanenmu da yawa sun yi cuɗanya da Sinawa, kuma waɗanda suka san mu ba sa miƙa mana kwalbar giyarsu ta baijiu, alhali a wurinsu tana cikin kyaututtuka masu daraja. Haka wainar bikin wata da suke rabawa a tsakiyar watan takwas na kalandarsu: wasu ana yin ta da kitsen alade, shi ya sa masu lura suke nemo mana wadda ke da alamar halal ta Musulmin Sin. Idan sun iya yi mana haka ba tare da sun shiga addininmu ba, mu ma za mu iya canza launin hula.

Abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne tsadar kyautar, domin nan ne na ga zumunci ya fi lalacewa. Sinawa suna riƙe lissafin alheri sosai, wanda aka yi wa kyauta yana ganin bashi ne a wuyansa sai ya rama da kwatankwacinta ko abin da ya fi ta. Na san wata ƴar kasuwa da ta kai wa matar dillalinta sarƙar zinari da kyakkyawar niyya. Matar ba ta da ƙarfin ramawa, sai ta fara kauce wa haɗuwa da ita, har hulɗar ta yi sanyi, ita kuwa mai kyautar ta ɗauka butulci ne. Babu camfi ko ɗaya a cikin sarƙar nan, nauyinta ne ya raba su. Saboda haka kada ku yi abin da ya fi ƙarfin albashinku, shi ma ya san abin da kuke ɗauka a wata.

Alhaji Mai Kwantena:

Maganar Hajiya haka take. Ga Malam kuma, su kansu suna da mafita idan dole sai an ba da abu mai kaifi: mai karɓa yakan miƙa wa mai bayarwa ɗan kuɗi kaɗan, ko dala ashirin ce, sai abin ya zama ciniki. Idan zuciyarku tana kan takobin, ku fara tambayarsa ta bakin tafinta, ku karɓi kuɗin ba tare da kun ɗauke shi raini ba. Sai dai ku sani takobi ba ya shiga jirgi a jakar hannu, kuma yana iya jawo masa tambayoyi a filin jirgi. Kilishi ma ku bar shi, domin kwastan na Sin ba sa barin fasinja ya shiga da nama, ƙwacewa za su yi.

Da ni ne, sai in je wurin dukawa in sa a ɗinka masa jaka ko alabe na jar fata, in haɗa da hula ja ko ruwan zinari, kaya biyu ke nan, kuma suna son abin da ya zo bibbiyu. Ku miƙa da hannu biyu. Zai iya ƙin karɓa sau ɗaya ko sau biyu, wannan ladabi ne, ku ci gaba da nacewa. Idan kuma ya ajiye gefe bai buɗe a gabanku ba, al'adarsu ce a bari sai baƙo ya tafi sannan a duba.