Idan zafi ne ke tura sinadarai, don me takin ure ke sanyaya ruwa?

Ɗalibin lise, Tawa:

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Wani abu ya ɗaure mini kai a darasin sinadarai. An koya mana cewa abubuwa na haɗuwa su sauya ne don su sauke ƙarfin da ke cikinsu, ya fita a matsayin zafi: gawayi ya ci wuta, sodar yin sabulu ta narke bokiti ya ɗau zafi. To amma takin ure, wanda wasu ke ce wa yuriya, da kansa yake narkewa cikin ruwa, kuma sanyi kofin ke yi. Ga buhun gawayi kuma, sai ya shekara a zaure iska na dukansa bai kama ba. Mai shan zafi ya tafi da kansa, mai ba da zafi ya tsaya jiran ashana. Mene ne ainihin mai turawar?

Mushen kimiyya, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya biyu ka ƙulle a tsumma ɗaya. Ta ure ita ce: shin abin zai iya faruwa da kansa? Ta gawayi kuwa: yaushe zai faru? Bari in ɗauki ta farko.

Abin da aka koya maka rabin magana ne, kuma ba ƙananan mutane suka tsaya a wannan rabin ba. Berthelot, babban masanin Faransa na ƙarni na 19, shi ma ya ɗauka zafin da ke fita shi ne alƙali. Gibbs na Amurka, a rubuce-rubucensa na 1875 zuwa 1878, ya nuna alƙalan biyu ne. Na ɗaya zafin da ya fita ko ya shiga, ΔH: ƙasa da sifiri yake in zafi ya fita, sama da sifiri in ya shiga. Na biyu bazuwa, ΔS, wato yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu da ƙarfinsu za su iya watsuwa. Ana haɗa su haka: ΔG = ΔH − TΔS, ΔG shi ne hukuncin alƙalan biyu a haɗe, kuma T zafin wurin ne a ma'aunin Kelvin. In ΔG ya faɗi ƙasa da sifiri, hanya a buɗe take. In ya hau sama, sai an tura da ƙarfi daga waje.

Gwada da hannunka. Auna ruwa rabin lita kashi biyu, a mazubin roba. A na farko zuba ure giram 60, mol ɗaya ke nan (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin abu ne), ka motsa. Zai sha zafi wajen kilojul 15 (jul ma'aunin ƙarfi ne, kilojul kuwa jul dubu) daga ruwan, ma'auni ya sauka da digiri 6 ko 7. A na biyu zuba soda giram 40, shi ma mol ɗaya: zai saki kilojul 44, ruwan ya hau da wajen digiri 20. Duka biyun da kansu suka narke. Soda zafi ne ya ja ta. Ure kuwa a cikin ƙwayar taki jere yake sahu-sahu, kowane a mazauninsa. Da ya shiga ruwa ya samu fili, ribar bazuwar ta fi kuɗin zafin da ya ranta, shi ya sa ya tafi.

Sodar nan, a kiyaye: ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, don tana iya tafasa ta fantsamo ido. Kada a kaɗa ta a tukunyar alminiyam, cin tukunyar take yi, ta fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Mai aikin awon sinadarai, Yamai:

Mushe ya gama da lissafi, amma wani zai ce narkewa ai ba cikakken sauyi ba ne, tunda in ruwan ya ƙafe ure ɗinka na nan. Gaskiya ne. To a matse lemun tsami a kan cokali biyu na bikarbonat. Wannan sauyi ne na gaske, sabon gishiri ya fito, ruwa ya fito, iskar CO2, irin wadda muke fitarwa a numfashi, ta tashi da kumfa, kuma kofin sanyi yake yi. Ba abin da ke ƙara bazuwa kamar gari ko ruwa ya haifi iska.

Sai gawayi. Giram 12 na tsantsar kabon, in ya ƙone sarai, kilojul 393 yake saki. Ta wajen ΔG ba gardama, ya kamata ya ƙone. Abin da ya tare shi dokin ƙofa ne. Kafin sabon ɗauri ya ƙullu tsakanin kabon da oksijin, dole tsohon ɗauri ya fara kwancewa, kuma kwancewar na cin ƙarfi. A zafin zaure, ko na watan Afrilu ne, ƙwayoyin da ke karo da ƙarfin da zai tsallake dokin ƙofar ba su taka kara sun karya ba. Ashana ƴan kaɗan take tsallakarwa. Zafin da suka saki ya tsallakar da maƙwabtansu, wuta ta riƙe kanta. Arrhenius na ƙasar Suwidin ya tsara lissafin wannan a 1889. A aikace, sauye-sauye da yawa kan ninka saurinsu in zafi ya ƙaru da digiri 10, abin da ya sa miyar da ke kwana lafiya lokacin ɗari take tsami kafin la'asar a bazara.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ga ΔG ya yi ƙasa sosai su ce abin zai yi sauri. Babu ruwan ΔG da sauri.

Ɗalibin lise, Tawa:

Na gode, Allah ya ƙara sani. Saura T ɗin nan. Ke nan abin da ya ƙi faruwa a sanyi zai iya yarda in an ƙara wuta, ba don sauri kaɗai ba?

Tsohon ma'aikacin siminti, Malbaza:

Ƙwarai kuwa ɗana, kuma misalin na nan ƙarƙashin ƙafarka, dutsen farar ƙasa da ake haƙa a yankinmu. CaCO3 ne. In aka gasa shi sai ya rabu biyu, CaO, wato gasasshiyar farar ƙasa, da iskar CO2. Kowane mol yana shan kilojul 178, bazuwarsa na ƙaruwa da jul 160 a kowane Kelvin. A rana mai digiri 40, wato Kelvin 313, TΔS kilojul 50 ne kacal, ΔG ya tsaya a +128. Dutse zai kwana dubu a rana bai motsa ba, kuma wannan ba jiran ashana ba ne, hanyar ce a rufe. Raba 178,000 da 160, ka samu wajen Kelvin 1,110, kusan digiri 840. Daga nan ne alƙalin bazuwa ke rinjaye. Masu gasawa kan riƙe wuta a 900 zuwa 1,000 don zafin ya ratsa har ciki.

Sikeli ma shaida ne: kilo 100 na tsantsar dutse kilo 56 yake bari, kilo 44 sun bi iska. In ka auna ka ga ya fi haka nauyi da yawa, fasa dunƙule guda, za ka tarar da ɗanyar zuciya a tsakiya. Ko duwatsun sun yi girma, ko wutar ba ta daɗe ba, ko kuma an toshe wa hayaƙi hanya. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Sauyin gaba da baya yake tafiya. In CO2 ta taru a kan dutsen sai rabuwar ta tsaya, in iska na janye ta sai ta ci gaba. Wuce gona da iri ma ɓarna ne: wanda ya sha wuta fiye da kima daskarewa yake yi, ka zuba masa ruwa ya yi ta nawa.

Wanda ya gasu daidai kuwa, da ya ji ruwa sai ya kumbura, ya yi huci, ya farfashe ya zama gari. Kilo 56 na shan ruwa kilo 18, kowane mol na sakin kilojul 65, zafin da ya isa ya tafasa ragowar ruwan. A rufe ido da hannu kafin a matso.

Mushen kimiyya, Yamai:

Baba ya kawo misalin da ya fi nawa. Ƙari ɗaya, tunda da ure muka fara. Daga amoniya ake yin sa, amoniya kuma daga naitirojin da haidirojin. Wannan haɗin kishiyar dutsen Malbaza ne: yana sakin zafi, kilojul 92, amma mol huɗu na iska ne ke komawa biyu, bazuwa ta ragu. Don haka sanyi yake so, a sanyi kuma ba ya motsi saboda dokin ƙofar ya yi tsawo. Masana'anta sai su sasanta: zafi wajen digiri 450, matsi wajen ninki 200 na iskar da muke shaƙa, da garin ƙarfe a matsayin dillali. Dillalin yana rage tsawon dokin ƙofa, ya fita yadda ya shiga, amma ba ya taɓa ΔG ko da jul ɗaya. In ka tarar a jarrabawa an ce ƙarfen na ƙara yawan amoniyar da za a samu bayan sauyin ya daidaita, tarko ne. Lokacin isa can kawai yake ragewa.