Mustang GT 2013: manifol ɗin Boss 302 zan sa ko na 2018?

Mai_GT13:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin inji ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗi. Ina da Mustang GT 2013, injin Coyote 5.0 V8, giya otomatik, daga Amurka aka kawo ta, a Abuja nake hawa. Na riga na canza salansa da filtar iska, yanzu intek manifol nake so in taɓa. Wani ya ce min in sa na Boss 302 (wata Mustang da aka yi don filin tsere) kawai tunda ita Boss ɗin doki 444 take fitarwa tawa kuma 420, wani kuma ya ce a'a na 2018 GT ya fi, ga kuma manifol ɗin Cobra Jet da nake gani a YouTube. Ni dai ba tsere nake zuwa ba, cikin gari ne sai in na samu titi ya buɗe in ɗan taka ta. Abin da nake so in na taɓa totur in ji ta amsa nan take. Wanne zan ɗauka?

Bakanike_Panteka:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka riga ka ba kanka amsa da ka ce cikin gari ne kuma otomatik ce. Boss ba naka ba ne, bari in faɗa maka dalili.

Shi manifol aikinsa raba iska zuwa silinda takwas ɗin nan, kowace silinda da bututunta, kuma tsawon bututun shi ke yanke a wane juyi inji zai fi shaƙar iska. In bawul ya rufe iskar da ta taho da gudu tana bugawa ta koma baya ta sake dawowa, to in bututun dogo ne dawowar tana dacewa da buɗewar bawul a ƙananan juyi da tsakiya, nan ne kake jin mota ta manna ka da kujera, in kuma gajere ne sai inji ya haura sama sosai kafin abin ya dace. Na Boss gajeru ne kuma a miƙe, an yi shi ne don motar da ke wuni a saman 6,000 har 7,500 rpm (juyin inji a minti ɗaya) a filin tsere. A ƙasa da haka ƙarfin ja raguwa yake yi, kuma kai tuƙinka kusan duka tsakanin 2,000 da 4,500 yake. Ga shi otomatik ta shekarar nan da giyar baya 3.15 take zuwa, doguwa ce, mota na daɗewa kafin ta kai inda Boss zai farka. Za ka biya kuɗi ka ji ta yi sanyi a danja.

Kuma maganar 444 ɗin nan kar ta ruɗe ka, ba manifol kaɗai ya kawo shi ba. Boss 302 ta 2012 da 2013 an gyara mata kan silinda, kam ɗinta (sandar da ke buɗe bawul) daban, sifirin ɗin bawul daban, fistan ma daban. Manifol ɗin yanki ɗaya ne cikin aikin.

Ni na 2018 zan ce. Ford sun yi shi ne wa injin da ke kaiwa 7,500 amma bai zubar da tsakiya kamar Boss ba, totul bodinka (ƙofar iskar da totur ke buɗewa) na asali mai 80mm yana hawa, bonet yana rufuwa lafiya. Sai dai yana zuwa da wasu 'yan faifai a cikin bututun masu buɗewa da rufewa, daga 2015 aka fara sa su, kwamfutar motarka ba ta san da su ba, dole a kulle su a buɗe, akwai ƙarfen da ake sayarwa don haka. Tiyon EVAP, wato na tururin fetur, ma sai an ɗan sake masa hanya.

Sarkin_Taya:
Oga Panteka ban ƙi taka ba amma an ɗan danne Boss. Tawa 2012 ce manuwal da giyar baya 3.73, Boss ne a kai, wlh daga 6,000 zuwa sama motar kamar an sake kunna wani inji, kuma da yake ni ke riƙe giya ba na bari ta faɗo ƙasa, raunin da ake faɗa ban cika jin sa ba. Amma gsky in otomatik ce da 3.15 ni ma ba zan ce ya sa ba. Kuma ya sani ƙarfen nan da ke gicciye saman inji na GT ba ya zama da Boss, murfin inji ma sai an cire. Cobra Jet kam ya manta da shi, sai ya sayi totul bodi mai baki biyu da bututun iska nasa daban, kuɗin ya ninka kuma duk amfaninsa can sama ne.

Injiniya_A:
Duk kun yi maganar manifol, ni abin da ya fi damuna tiyunin ne, don nan ne ake kashe inji. Ko wanne ka sa dole a sake rubuta wa kwamfutar mota lissafi, in ba haka ba lissafinta ba zai dace da sabon manifol ba, kuma giyarka za ta ci gaba da canzawa a inda ta saba, ba za ta taɓa kaiwa juyin da sabon manifol ke aiki ba. To masu yin tiyunin ɗin yawanci a Amurka suke, za su turo maka fayil ka loda da na'ura irin SCT, kuma tambayar farko da za su yi maka wane fetur kake sha, 91 ko 93. Ɗan uwa kar ka ce 93. Lissafin oktan ɗinsu, wato yadda fetur ke jure matsi, ba irin namu ba ne, 87 ɗinsu shi ne wajen 91 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan, 93 ɗinsu kuma wajen 98 ne. Ka ce musu su rubuta maka na 87, ka gaya musu zafin garinku a watan Maris da Afrilu, don iska mai zafi da matsin 11:1 da fetur mai rauni su ke haɗuwa inji ya fara ƙwanƙwasa, kuma Coyote na 2011 zuwa 2014 an san shi da lalacewar fistan na silinda ta 8 in tiyunin ya yi tsauri. Bayan ka loda ka ɗauki bayanan tuƙi ka tura musu su duba nok sensa, wato na'urar da ke jin ƙwanƙwasar inji, kafin ka fara taka ta da gaske.

Sannan kar ka ce a ɗaga maka iyakar juyi har 7,500 don manifol zai iya. Haƙoran famfon man inji na asali ba sa son yawan dukan iyaka, masu zama a can sama canza su suke yi da na ƙarfe mai ƙwari, aikin kuma sai an buɗe gaban inji.

Mai_GT13:
Allah ya saka da alheri, na gamsu, na 2018 zan yi oda da ƙarfen kulle faifan. Injiniya maganar fetur ɗin nan ta shige ni sosai, 87 zan ce musu. Oga Panteka in na samu na hannu wanda aka ciro daga wata motar akwai matsala?

Bakanike_Panteka:
Babu, roba ce ba ta cika lalacewa ba, amma ka haska tocila cikin kowane bututu ka girgiza shi, in daga injin da ya fashe aka ciro shi ɓaraguzan ƙarfe na maƙalewa a ciki, ranar da ka tayar su faɗa silinda. Ka duba tsagewa wajen ramukan noti, ka sa sababbin gasket, kuma wanda zai ɗaura ya toshe ramukan kan silinda da tsumma mai tsabta lokacin da ya cire tsohon, ya ɗaure notin daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, ba da ƙarfin hannu ba.