Saura wata huɗu satifiket ɗina na PMP ya ƙare, PDU 11 kawai na tara

Rukayya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema kuma da gaggawa. Jiya da daddare imel ya shigo mini daga PMI, cibiyar da ke ba da PMP, wato satifiket ɗin ƙwarewa a tafiyar da firojek, wai wa'adin satifiket ɗina ya kusa, na buɗe akawun na duba wallahi sai da gabana ya faɗi, PDU, makin da ake tarawa don sabunta satifiket, 11 ne kacal cikin 60 ɗin da ake so a shekara uku, kuma saura wata huɗu. Tun da na ci jarrabawar nan sau ɗaya na sake leƙa wurin, aiki ya sha mini kai ga haihuwa da ta zo a tsakani, kullum gobe gobe har ga shi shekara uku na neman cika. Waɗanda suka taɓa sabuntawa ku taimaka, ta ina zan fara?

Bitrus: Wa alaikis salam. Kwantar da hankalinki Maman Hanif, wata huɗu ai da sauran lokaci. 11 ɗin nan ta ina kika same su?

Rukayya: Wata bita ce ta kwana biyu da ofis suka tura mu a Garki shekarar farko, a kan sa ido da tantance ayyuka. Ita kaɗai na shigar.

Hajiya Binta: Rukayya ƙanwata share hawayenki, ni sau biyu na sabunta nawa kuma na farkon kusan irin halin da kike ciki na shiga. Abin da ke tsorata mutane shi ne jin 60, alhali PDU ɗaya awa ɗaya ce kawai. Kuma ba duka ne sai kin zauna a aji ba. Kashi biyu suka raba shi. Akwai na karatu, shi dole ki kawo aƙalla 35. Akwai na gudummawar da kika ba sana'ar, shi kuma ba a karɓar fiye da 25, in ma ba ki da ko ɗaya a cikinsa ba laifi in dai kin cike 60 ɗin da karatu. To a wannan na biyun, aikin da kike tashi kullum ki je ki yi na jagorantar ayyuka shi kansa ana ba ki har 8 a zagaye ɗaya. Kin ga 11 ta koma 19 tun ba ki motsa daga kujerar da kike ba.

Rukayya: Hajiya da gaske? Aikin ofis ɗina?

Hajiya Binta: Ƙwarai kuwa, in dai aikin tafiyar da firojek ne. 8 ne iyakarsa, ko shekara ukun kika kwana a ofis ba za su ƙara miki ba. Yanzu ki tuna mini, cikin shekarun nan ba ki taɓa tsayawa gaban mutane kin koyar ba? Ba ki riƙe wani yaro ko yarinya kina nuna musu aiki ba?

Rukayya: Na yi. Bara na yi wa sababbin ma'aikatanmu bita ta yini guda a kan rubuta jadawalin aiki da rajistar haɗura, awa biyar muka yi in an cire sallah da cin abinci. Sannan akwai wata 'yar bautar ƙasa da ke shirin jarrabawar CAPM, satifiket ɗin PMI na masu farawa, mun zauna da ita sau huɗu, awa ɗaya ɗaya bayan an tashi.

Hajiya Binta: To ga 9 nan. 8 da 9 sun zama 17, ki haɗa da 11 ɗinki, 28 ke nan. Saura 32, kuma wata huɗu sati 16 ne ko fiye kaɗan. Awa biyu a sati Rukayya. Awa biyu.

Nura: Anti Rukayya in kina son hanya mai sauri akwai wani da na ji ana magana, ki tura masa kuɗi ya turo miki takardar shaidar kwas ta awa 60 a rana ɗaya, ba sai kin zauna komai ba. Ban gwada ba dai, wani abokina ne ya faɗa mini

Injiniya Sale: Nura kar ka sake kawo wannan maganar, kuma ka ja wa abokin naka kunne. Duk wanda ya karɓi PMP ya amince da ƙa'idar ɗa'a ta PMI, ginshiƙanta huɗu ne, ɗaukar alhaki, girmama mutane, adalci, gaskiya. Ka shigar da awannin da ba ka zauna ba ai ƙarya ka yi da sunanka. Kuma suna ɗibar mutane su bincika, su ce kawo shaida, shi ya sa ma suka ce a ajiye takardu har wata 18 bayan zagayen ya ƙare. Ranar da suka tambaye ka me aka koyar a kwas ɗin nan me za ka ce? Bar ma batun kamawa, kai da za a damƙa wa kwangilar gina asibiti ko rijiyoyin burtsatse na ƙauye ashirin, in ka saba sayen takarda a ƙaramin abu ina ga babba.

Nura: Gaskiya ne Injiniya, a yi haƙuri. Na janye.

Injiniya Sale: Ba komai ɗana, gara da ka faɗa a fili aka amsa. Ke kuma Rukayya bari in gaya miki abin da ya same ni don kar ki yi sakaci da wata huɗun nan. Ni na bari nawa ya wuce. Lokacin ina wani aikin hanya, wata da watanni ina daji, inda netwok sai ka hau tudu, imel ɗin da na yi rajista da shi kuma na tsohon wurin aikina ne, duk tunatarwar da suka aiko can take faɗawa ban gani ba. In wa'adi ya cika ba ka sabunta ba dakatar da kai ake yi na shekara ɗaya, a cikinta ba ka da ikon sa PMP a bayan sunanka amma kana iya cike abin da ya rage ka biya a maido ka. Ni har shekarar ta wuce ban sani ba. Sai ranar da muke haɗa takardun neman wani aiki, yaron da ke haɗawa ya duba rajistar PMI ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce Oga sunanka ba ya fitowa. Haka na koma na sake cike fom, na sake biyan kuɗin jarrabawa da dala, na zauna tambaya 180 cikin minti 230 da furfurata, wata uku ina karatu bayan sallar asuba. Abin da awa biyu a sati zai hana.

Rukayya: Innalillahi. Allah Ya kiyaye gaba Injiniya. Yanzun nan zan duba wane imel ne a kai, ina jin na ofis na sa ni ma.

Injiniya Sale: Canza shi yau, sa naki na kanki. Wani abu kuma, ko an dakatar da mutum ya dawo, ranar zagayensa na gaba ba ta matsawa, watannin da ya ɓata daga cikin sababbin shekaru ukun aka ci.

Bitrus: To batun 32 ɗin. Kina biyan kuɗin mamba na PMI har yanzu?

Rukayya: Ya ƙare tun bara, ban sabunta ba

Bitrus: Ni shawarata ki sabunta shi kafin komai. Dalili biyu. Kuɗin sabunta satifiket dala 60 ne ga mamba, wanda ba mamba ba dala 150. Na biyu kuma shi ne babba, mamba yana shiga ProjectManagement.com ya kalli laccocin da aka naɗa kyauta, suna da yawan gaske, kuma in kin shiga da akawun ɗinki na PMI kin kalla har ƙarshe su da kansu suke zuba miki PDU ɗin, ba sai kin cike komai ba. Ki dai ba shi 'yan kwanaki ki leƙa ki tabbatar ya shiga. Ni daga Kubwa nake shigowa Wuse kullum, motar ofis ke ɗaukarmu, da na zauna sai in sa abin kunne in rage ƙarfin hoton don kar data ta ƙone, kafin mu sauka na ci rabin lacca, da yamma a go-sulo in ƙarasa. Haka na tara fiye da 20 ban taɓa ranar hutuna ba.

Maryam: Amma Yaya Bitrus ba kowa ne zai iya haɗa kuɗin mamba da na sabuntawa a wata ɗaya ba, ga yadda dala take. Ni ban yi mamba ba kuma na cike nawa. Karatun littafi ana lissafa shi, sauraron shirye-shiryen murya a kan harkar ana lissafawa, kwas ɗin da ofis suka yi muku a cikin gida shi ma haka, sai dai ke za ki shiga CCRS, shafin PMI da ake shigar da PDU, ki rubuta da hannunki, sunan abin, rana, awa nawa, me kika ƙaru da shi. Har kwata suna karɓa, minti 15 shi ne 0.25. Ni ƙaramin littafi na ajiye a jaka, duk abin da na karanta in rubuta kwanan wata da shafin da na fara da inda na tsaya da layi biyu na abin da na fahimta, shi ne shaidata in an tambaya. Ta yi lissafi dai ta ga wanne ya fi mata sauƙi.

Bitrus: Haka ne, ta lissafa. Ni dai na ga ragin da laccocin sun biya ni.

Hajiya Binta: Duka biyun hanya ce. Abin da nake so ki kula da shi Rukayya, don nan ne mutane ke tuntuɓe, karatun nan kusurwa uku gare shi kuma kowace sai kin kawo aƙalla 8. Ɗaya ta hanyoyin gudanar da aiki ce, jadawali, kasafi, haɗura, Agile (salon yin aiki kashi-kashi) da sauransu. Ɗaya ta iya zama da mutane, jagoranci, sasanta rikici, iya magana. Ta ukun sanin harkar kasuwanci da inda ma'aikata ta dosa. A 2022 suka sauya musu suna, in kin ga tsofaffin sunaye a wata takarda kar ki rikice abu ɗaya ne. Mu mutanen fili duk sai mu tattara a ta farko don ita muka fi jin daɗi. Ni a karon farko na kai 60 cif ina murna, ashe ta kasuwanci 5 gare ni, maɓallin sabuntawa ya ƙi buɗewa sai da na koma na nemo 3. Kuma wallahi laccocin da na kalla don dole ɗin nan su suka fi yi mini amfani, a nan na fara gane yadda zan yi wa masu ba da tallafi bayanin jinkiri da harshen kuɗi, ba da harshen injiniyoyi ba.

Rukayya: Na duba yanzu, 11 ɗin duka a ta farko suke. Wato sauran biyun babu ko ɗaya.

Hajiya Binta: To kin ga inda za ki fara. 8 nan 8 can, 16 ke nan, ragowar 16 ki zuba inda aikinki ya fi buƙata.

Nura: Ni tambaya gare ni, satifiket ɗin PRINCE2 nake da shi, ba na PMI ba, shi ma haka ne?

Maryam: Naku kamfanin PeopleCert ke riƙe da shi yanzu, shi ma shekara uku ne amma lissafinsu daban, maki 20 ake shigarwa kowace shekara ta tsarin mambobinsu, ko kuma mutum ya sake zama jarrabawa kafin wa'adi. Kar ka haɗa shi da na PMI. Anti Rukayya ki gaya wa 'yar bautar ƙasar nan in ta ci CAPM ita 15 ake nema a shekara uku, ta fara tun da wuri.

Injiniya Sale: Kuma ku riƙa zuwa taron reshen PMI na Najeriya in an sanar, ko ta intanet ko ido da ido. Ana samun PDU, amma ni abin da ya fi kai ni shi ne mutanen da ake haɗuwa da su, matsalar da ta hana ka barci sai ka tarar wani ya sha ta shekara biyar da suka wuce. Abu ɗaya dai, duk kwas ɗin da za ku biya kuɗi ku tambaya tun kafin ku biya ko takardar za ta nuna awanni da kwanan wata da abin da aka koyar. Na taɓa biyan wata cibiya na yi kwana uku, takardar da suka ba ni sunana ne kawai da tambari mai ƙyalli, sai da na yi sati biyu ina sintiri kafin suka rubuto mini awannin.

Rukayya: Allah Ya saka da alheri, wallahi na samu natsuwa. In na wuce 60 fa, ragowar ta tafi a banza?

Hajiya Binta: A'a. Abin da ya haura, in a shekarar ƙarshe ta zagayen kika same shi, ana tsallakar miki da shi zuwa na gaba har 20. Ke kuwa duk wanda za ki yi yanzu a shekarar ƙarshe yake. Kuma cika 60 ba shi ne sabuntawa ba, sai kin shiga kin cike fom kin biya. Ki gwada katinki tun yanzu ki ga ko yana biyan dala, kar ki bari sai daren ƙarshe, in ya ƙi ki sami lokacin zuwa banki ko ki nemi mai asusun dala.

Maryam: Anti in kina so mu riƙa haɗuwa ranar Asabar, ni ma sabon zagaye na shiga ina so in fara da wuri. Gidana Gwarinpa, akwai sola, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu mu kalli lacca biyu mu tattauna, ki zo da Hanif yarana za su riƙe shi.

Bitrus: In da wuri a sa da ni, zan zo da lasifika.

Rukayya: Ina zuwa in sha Allah. Na canza imel ɗin, na shigar da 8 na aiki. Hajiya bitar da na yi wa ma'aikata takardar sa hannun mahalarta tana fayil a ofis, ita ta isa shaida ko in haɗa da abin da na gabatar?

Hajiya Binta: Haɗa duka biyun, ki ɗauki hotonsu ki ajiye a waya da kwamfuta. Yarinyar kuma ta rubuto miki 'yan layuka da ranakun da kuka zauna, ta sa hannu.

Rukayya: To Hajiya, gobe da safe zan kira ta.