Musayar Waƙa a Kan Magic Johnson, Mai Rabon Ƙwallo na Lakers

Tsohon Koci:

Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Na buɗe wannan musaya a kan Earvin Johnson, gwanin ƙwallon kwando na Amurka da ya yi wa ƙungiyar Lakers ta Los Anjeles wasa, wanda duniya ta sani da Magic, kuma sharaɗina ɗaya ne, duk mai amsawa ya rufe baitinsa da "wa".

Da sunan Allah nake buɗe bakina,
Ya ba ni basira, ya daidaita harshena,
In yabi gwanin da ya daɗe a cikin raina,
Mai rabon ƙwallon da ba ya gajiya da bayarwa.

A Lansing ta jihar Mishigan aka haife shi,
A 1959, gidan ma'aikata ne ya raine shi,
Uban na aiki a kamfanin mota don ya ciyar da shi,
Ga kwasar shara a kai, babu ranar hutawa.

Yana ɗan shekara 15 ya yi wasan da ya girgiza gari,
Ya zuba maki 36, ya raba ƙwallo 16 a kan tsari,
Wani ɗan jarida ya laƙaba masa Magic tun da wuri,
Laƙabin ya danne sunan yanka, har yau ba ya gogewa.

Mai rabon ƙwallo a al'ada gajere ne mai zafin nama,
Shi kuwa ya haura mita 2, yana hangen fili daga sama,
Idonsa na duban hagu, ƙwallon ta tafi dama,
Kafin mai tsaro ya waiwayo, abokin wasansa Worthy ya gama jefawa.

A 1980, shekararsa ta fari da rigar Lakers a jiki,
Kareem, dogon gwanin Lakers, ya gurɗe idon sawu ana tsakiyar aiki,
Ɗan shekara 20 ya hau gurbinsa, ya tara 42 na maki,
Ya ɗauke kofi a Filadelfiya, kawunan masu gida na sunkuyawa.

Ɗan Zazzau:

Baba Koci, Allah ya ƙara girma. Ni masoyin ƙungiyar Boston Celtics ne, kuma ina neman izini in ƙara abin da yabo ya tsallake.

Baba, na ji yabonka, amma akwai shafin da ka rufe,
A 1984 Larry Bird na Celtics ya sa murmushin gwaninka ya ƙafe,
Wasa 7 aka gwabza, jirgin Lakers ya kife,
Kofi ya zauna a Boston, babu mai iya musantawa.

A wasa na 2, ana kunnen doki, ya riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare,
A wasa na 4 ya miƙa ta, Parish na Celtics ya shiga ya tare,
Ya sake samun jifan kyauta 2, duka biyun ya kuskure,
Har mutanen Boston suka mai da laƙabinsa abin kushewa.

In kuwa rabon ƙwallo ake ƙirgawa, Baba ka duba da kyau,
John Stockton na Utah ne ke kan gaba har yau,
Ya raba 15,806, kambin shi ya ɗau,
Naka gwanin a 10,141 ya tsaya, ina abin kwatantawa?

Tsohon Koci:

Ɗana, ka faɗi gaskiya, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai na kalli wasannin da suka biyo baya a kaset ɗin bidiyo har zaren ya fara tauna kansa, ina tsayar da hoto ina nuna wa yarana inda ƙafarsa take kafin ya saki ƙwallo, don haka saurari sauran labarin.

Ɗana, na yarda ya faɗi, amma faɗuwar ce ta gyara shi,
Zafin kayen ya bi shi gida, ya ƙi barin shi,
A 1985 ya koma Boston, gidan da aka yi masa dariya a cikin shi,
Lakers ta ɗaga kofi a filin Celtics, ranar ramawa.

A 1987, wasa na 4, daƙiƙu kaɗan suka rage,
Celtics na gaba da maki 1, hannun kowa a ɗage,
Ya kutsa tsakiya, McHale da Parish da Bird sun dage,
Ya lanƙwasa hannu bisa kansu irin na Kareem, ƙwallo na faɗawa.

Stockton gwani ne, ban rage masa komai ba,
Kaka 19 ya yi yana tarawa, bai taɓa ɗaukar kofi ba,
Magic na raba 11.2 a kowane wasa, ba a kamo shi ba,
Ga kofi 5, ga kambin gwanin shekara sau 3, sai ka yi aunawa.

'Yar Damagaram:

Baba Koci da ƙanena Ɗan Zazzau, barkanku da fama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ranar da na fi girmama mutumin nan ba ranar wasa ba ce.

Ranar 7 ga Nuwamba, 1991, ya tsaya gaban 'yan jarida,
Yana da shekara 32, yana kan ganiyarsa a waje da gida,
Ya ce ƙwayar HIV na jikinsa, bai ɓoye ba, bai yi gardama da shaida,
A zamanin da ake gudun mai ita, har musafaha ana janyewa.

Wata 3 bayan nan masoya suka zaɓe shi wasan taurari,
A Orlando ya zuba maki 25, ya karɓi kambin gwani mafi tasiri,
Isiah Thomas ya rungume shi, duniya na kallo a sarari,
Rungumar nan ta yi aikin da dogon jawabi ke kasawa.

Na taɓa zama da wani saurayi, takardar gwaji na rawa a hannunsa,
Ya ja hula ya rufe fuska, yana tsoron a gaya wa gidansa,
Na ce masa mutumin nan ya ci zinaren gasar Olympics a Basalona 1992 da ciwonsa,
Ya dawo Lakers a 1996, kuma har yau yana raye yana walawa.

Ɗan Zazzau:

Yaya, kin rufe mini baki, kuma zan cika da shaida daga ɓangarenmu.

Tun 1979 a gasar jami'o'i Magic da Bird suke karo da juna,
Amma kafin sanarwar nan Bird na cikin waɗanda aka fara kai wa magana,
Kuma labarin ya hana shi sukuni da kwana,
Abokin hamayyar shekara 12 ya zama abokin tausayawa.

Ranar da Lakers ta rataye rigar Magic mai lamba 32 a sama,
A Fabrairun 1992, Bird ya zo Los Anjeles, ya tsaya a dama,
Ya miƙa masa guntun katakon filin Boston inda suka sha fama,
Magic ya karɓa, hawaye na bin kuncinsa, zauren na tafawa.