Taliyar kakata mai tafarnuwa, a ina nake kuskure?

Ƴar Auta:
Salam ƴan uwa. Akwai wata taliya da kakata take yi in an dawo gida a gajiye da daddare, ita ta koya wa mamanmu, man zaitun ne kawai da tafarnuwa da ɗan barkono, minti 15 an sauke. Ni kuma duk sanda na yi sai ta fito a bushe, mai ya kwanta a ƙasan faranti, ga tafarnuwar da ɗaci. Na tambayi mama ta ce wai da ido ake yi, wallahi ban gane ba.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗacin nan wuta kike cikawa. Yanka tafarnuwar siri-siri ki zuba a mai tun bai yi zafi ba, wuta ƙasa-ƙasa, da ta fara sauya kala ki ɗauke kaskon, in ta ƙone kam sai dai a zubar a sake.

Tuzuru:
Ruwan dafuwar fa? Na san zubar da shi kike duka. Ɗebi kofi ɗaya kafin ki tace, sitacin da ke ciki shi ke haɗa mai da ruwa su yi kauri su kama jikin taliyar. Ki tsame ta saura minti 2 ta nuna, ki ƙarasa ta a kaskon kina juyawa kina zuba ruwan kaɗan-kaɗan. A Italiya aglio e olio suke ce mata.

Ƴar Auta:
Kai, ni har ɗauraye ta nake da ruwan sanyi ma

Maman Biyu:
Ashe! To ki daina ƙanwata, sitacin kike wankewa. Gishiri kuma a ruwan dafuwa ake sawa, ba sai an zuba a faranti ba.