Teriyaki na gida: me ake sawa a madadin mirin, kuma me ya sa kazar ke ƙonewa?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san girkin Japan. Sos ɗin teriyaki, mai zaƙi-zaƙi da gishirin nan da ake zuba wa nama ya yi sheƙi, nake so in riƙa haɗawa a gida maimakon sayen na kwalba, amma abu uku sun tsaya mini. Na farko, ko'ina ana cewa a sa mirin, wato ruwan zaƙi na shinkafa mai giya a ciki, da giyar shinkafa da ake kira sake, to mu da ba ma amfani da giya me za mu sa? Na biyu, idan aka jiƙa kaza a sos ɗin aka soya, bayanta na yin baƙi da ɗaci tun cikin bai nuna ba. Na uku, gishiri na yi masa yawa, kuma ba ya sheƙin nan da ake gani a hoto sai an zuba kwanfulawa, ita kuma sai ta mai da shi kamar kunu. Abin da nake da shi: soya sos mai duhu, suga, zuma, citta da tafarnuwa. Don Allah a taimaka da awo.

Anti Bilki

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ƙonewar da rashin sheƙin tushensu ɗaya ne, wato lokacin da kike haɗa naman da sos. A gidajen Japan yawanci sai naman ya kusa nuna a kasko ake zuba sos, ya tafasa ya ƙafe a jikinsa cikin minti biyu zuwa uku. Sheƙin daga sugan yake fitowa idan ruwa ya ragu. Idan kuwa tun farko naman ya sha suga, sugan zai yi minti goma ko fiye a kan kasko mai zafi, dole ya ƙone. Zuma ta fi suga saurin kamawa ma, domin nau'in zaƙin da ke cikinta yana fara yin duhu a zafin da bai kai na farin suga ba.

Awon da aka saba da shi a can: soya sos cokali 2, mirin 2, giyar sake 2, suga 1. Shi ke nan, babu tafarnuwa, babu kwanfulawa. Aikin mirin zaƙi mai laushi da sheƙi, don sama da kashi 40 cikin ɗari na cikinsa suga ne. Aikin giyar sake kuma tsinka sos ɗin da kashe ƙarni. Duk ana iya samun waɗannan ta wata hanya. Ga awo na naman cinya kusan giram 800 bayan an cire ƙashi:

soya sos babban cokali 4
ruwa babban cokali 6
suga babban cokali 2
zuma babban cokali 1
farin khal ƙaramin cokali 1, na shinkafa ya fi idan akwai
ruwan ɗanyar citta ƙaramin cokali 1, a gurza a matse

Ki juya a kofi har sugan ya narke, ki ajiye gefe. Ba sai an dafa shi daban ba. Wasu na maye rabin ruwan da ruwan tuffa ko na farin inabi. Yana da daɗi, amma sai ki rage sugan zuwa cokali ɗaya da rabi.

Cinya za ki ɗauka mai fata, ƙirji bushewa yake yi. Ki cire ƙashi, ki tsaga inda ya yi tudu don kaurin ya zo daidai, ki caccaka fatar da cokali mai yatsu, sannan ki goge ta bushe sarai. Wannan gogewar kada ki raina ta: jiƙaƙƙen nama tururi yake yi a kasko, fatar ba za ta soyu ba. Mai ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Ki kwantar da cinyoyin fata ƙasa a matsakaiciyar wuta, ki danna su da bayan cokali, ki bar su minti shida zuwa bakwai ba tare da motsawa ba har fatar ta yi ja. Ki juya, minti uku zuwa huɗu. Idan kaskon ƙarami ne ki soya kashi biyu, daga baya ki haɗa su.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne kwashe kitsen. Fatar za ta saki maiƙo da yawa. Ki karkata kaskon ki tsane shi da tishu ko ki ɗebe da cokali kafin sos ya shiga. Idan kika bar shi, sos ɗin zamewa zai yi daga jikin naman, ya rabu gida biyu, mai a sama, baƙin ruwa a ƙasa.

Daga nan ki zuba sos, ki riƙa ɗibansa da cokali kina kwarara wa naman. Ki sa ido a kan kumfar: da farko ƙanana ce mai sauri, can sai ta koma manya masu fashewa a hankali. Ki ja cokali a gindin kaskon. Idan hanyar da ya bari ta ɗan tsaya kafin ta rufe, ki sauke nan take. Zai ƙara kauri yana hucewa, don haka wanda ya jira ya ga kaurin da yake so a kan wuta ya riga ya wuce. Idan ya wuce ɗin amma bai yi ƙauri ba, ruwa cokali ɗaya ko biyu zai dawo da shi. Idan ya yi ƙauri babu gyara, sai dai a ciro naman a haɗa sabo. Ki bar kazar ta huta minti uku kafin ki yanka.

Malam Sabo

Anti Bilki ta gama da hanyar. Ni kan kwalbar zan tsaya, don ina zargin rabin ɗacin daga can yake. Malama, kin ce soya sos mai duhu gare ki. Idan irin na girkin Sin ne mai kauri, an yi shi ne don ba abinci launi, ana ƙara masa ƙonannen suga, kuma kaɗan ake ɗigawa. Aka zuba cokali huɗu aka ƙafar, baƙi ƙirin zai fito da ɗaci-ɗaci. Wanda teriyaki ke so shi ne na yau da kullum na Japan da ake kira koikuchi, tsinkakke mai launin ja-ja idan kin ɗaga shi ga haske. Na kamfanin Kikkoman da aka saba gani irinsa ne. Idan babu, mara duhu na Sin zai yi, a rage shi zuwa cokali uku da rabi. Akwai wani na Japan mai suna usukuchi, launinsa ya fi haske amma ya fi gishiri, kada hasken ya ruɗe ki.

Ki duba bayan kwalbar kuma. Wanda aka tsima ta hanyar gargajiya kayansa ruwa ne, waken suya, alkama da gishiri. Mai arahar da aka haɗa da sinadari da kala yana da wani kaifi da ke ƙara fitowa idan an ƙafar da shi.

Batun gishiri lissafi ne. Koikuchi na da gishiri wajen kashi 16 cikin ɗari, wato babban cokali ɗaya na ɗauke da kusan giram uku. Cokali huɗun nan sun kusa ƙaramin cokali biyu na gishiri zalla. Saboda haka kada a sa wa kazar gishiri, kada a sa dunƙule, kuma shinkafar da za a ci da ita fara za a dafa. Mai hawan jini ya nemi kwalbar da aka rage wa gishiri.

Sai giya, tunda ita ce tambayarki ta farko. Mirin na ainihi na da giya kusan kashi 14 cikin ɗari, giyar sake wajen 15. Maganar da ake yi cewa duk tana tashi idan an tafasa ba daidai ba ce. Tana raguwa, amma tafasar minti uku ba ta kore ta duka. Akwai kwaikwayon mirin da ake kira mirin-fu, nasa bai kai kashi ɗaya ba. Abin da da yawa ba su sani ba, shi kansa soya sos da aka tsima yana samar da 'yar giya, wajen kashi biyu, a lokacin tsimawar. Shi ya sa wasu kamfanoni ke fitar da kwalba ta daban mai tambarin halal. Hukuncin wannan na malamai ne. Wanda ke son fita daga shakka ya nemi mai tambarin.

Ummu Sadik

Ban musa abin da aka faɗa ba, amma kada a kori kwanfulawa da tafarnuwa gaba ɗaya. Teriyakin da yawancinmu muka fara gani a kwalba ko a gidan abinci, salon Amurka ne, inda 'yan asalin Japan suka sauya shi. Kikkoman ya fara sayar da na kwalba a can a 1961, kuma a birnin Siyatil shagon Toshi's da aka buɗe a 1976 ya mai da shi abincin gari. Wannan salon mai kauri ne, mai zaƙi, da tafarnuwa da citta, kuma yana da inda ya fi amfani: soyayyen kayan lambu, taliya, ko a kwarara a kan shinkafa.

Soya sos rabin kofi, ruwa rabin kofi, suga mai ruwan ƙasa babban cokali 4, zuma 1, tafarnuwa ƙwaya biyu, citta ƙaramin cokali ɗaya, duka a gurje. Mazarƙwaila na maye gurbin sugan, sai dai a narka ta a tace saboda tsakuwa. A tafasa minti uku a ƙaramar wuta. Kwanfulawa babban cokali ɗaya kacal, a dama da ruwan sanyi cokali biyu, a zuba siriri ana juyawa, a bar shi ya tafasa minti ɗaya. Yaya, abin da ya sa naki ke cuɗewa, ko dai kwanfulawar ta kai cokali biyu, ko an zuba garinta kai tsaye cikin zafi ta yi gudaji. Alamar ta nuna ita ce sos ɗin ya bar fari-fari ya koma garai.

Wajen ajiya suka bambanta. Mai kwanfulawa da ɗanyar tafarnuwa kada ya wuce mako ɗaya a firji, kuma zai daskare ya tsatso ruwa. A ɗumama a juya. Na Anti Bilki idan aka tafasa shi ba citta, aka zuba a busasshiyar kwalba, yana kai mako biyu zuwa uku. Inda wuta ba ta tsayawa, a haɗa daidai na girki ɗaya, ai minti biyu ne.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura kaɗan: zai yi da kazar Hausa? Kifi fa? Kuma idan a gawayi za a gasa, tunda babu kaskon da sos zai ƙafe a ciki, yaya ake yi?

Anti Bilki

Amin. Kazar Hausa ba za ta nuna a minti goma ba. Ki fara sulala ta da citta da albasa, ba gishiri, har ta yi laushi, ki tsane, ki soya fatar ta yi ja, sannan sos. Romon sulalen ki sa shi a madadin ruwan cokali shidan nan, ya fi ruwa zalla daɗi.

Kifi kuwa shi ne ma asalin abin. A Japan sun fi yi da mai maiƙo, irin su buri da saba, kuma saba ɗan'uwan titus ɗin da ake sayarwa a ƙanƙara ne, don haka kin samu. Ki tsaga shi gida biyu ki zare ƙayar tsakiya, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki bar shi minti goma. Zai fitar da wani ruwa, a nan ƙarnin yake. Ki goge shi tas da gishirin duka. Ki shafa fulawa sama-sama ki kakkaɓe, ki soya gefen fata minti uku, ɗaya gefen biyu, ki tsane mai, ki zuba rabin awon da na bayar na yanka huɗu. Kada ki sake juya shi bayan sos ya shiga, farfashewa zai yi; da cokali za ki riƙa kwarara masa. Karfasa ba ta da maiƙo kuma tana saurin dagargajewa, tarwaɗa ta fi ta jurewa idan an wanke yauƙin sosai.

Malam Sabo

Na gawayi, a tukunya za ki fara ƙafar da sos ɗin har kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ya riƙa kama bayan cokali. Ki gasa naman haka nan har ya kusa nuna, ki janye shi gefen da garwashi bai yi yawa ba, sannan ki shafa, ki juya, ki sake shafawa, sau biyu ko uku cikin minti huɗun ƙarshe. Kowane shafi ki bar shi ya ɗan bushe kafin na gaba. Sos ɗin da ya ɗiga a garwashi na tayar da harshen wuta, shi ke sa baƙin hayaƙi a jikin nama, don haka shafi siriri.

Idan dole sai kin jiƙa don ɗanɗano ya shiga ciki, ki jiƙa da soya sos da citta kawai, ban da suga da zuma, minti ashirin zuwa talatin, ki goge kafin ya hau wuta. Ya kwana a ciki, gishirin zai tsotse ruwan naman ya yi tauri. Masu sa ruwan abarba su kula: ɗanyar abarba na da sinadarin da ke narka tsoka, awa biyu zuwa uku naman ya yi laɓo-laɓo, a tafasa ruwan tukuna ko a yi amfani da na gwangwani. Ruwan da ɗanyen nama ya zauna a ciki kuma ba a zuba shi a kan dafaffen abinci sai an tafasa shi sosai. Mafi sauƙi ki raba sos ɗinki kwano biyu tun farko, ɗaya na shafi a kan wuta, ɗaya na zubawa a faranti tare da soyayyen riɗi da yankakken lawashi.