Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba PCOS?

Assalamu alaikum. Ina neman gudummawar ma'aikatan lafiya da malaman Hausa na nan Sakkwato a kan wata larurar mata da har yau ba ta da tsayayyen suna a bakinmu. Likitoci suna rubuta ta da haruffa huɗu, PCOS, wato polycystic ovary syndrome. A asibiti kuwa kowa da yadda yake kiranta. Wannan ya ce ƙarin mahaifa, waccan ta ce ƙurajen ƙwai, wani ya ce rikicewar al'ada, wasu ma su ce ai duk sanyi ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake gani shi ne sunan da aka faɗa wa mace shi ke nuna mata inda za ta dosa in ta fita: ko ɗakin magani, ko neman kuɗin tiyata, ko wurin mai sassaƙe.

Kafin a raɗa suna, bari a san abin da ake raɗa wa.

Mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, a gefen mahaifa, ba a cikinta ba. Kowane wata wasu ƙananan jakunkuna sukan fara girma a ciki, ɗaya ta wuce saura, ta fashe, ta saki ƙwai. Mai wannan larura jakunkunanta sukan fara girman su tsaya a hanya, tsakanin milimita 2 zuwa 9. Su ne ake gani a hoton sikanin jere kamar carbi. Ba ƙari ba ne, ba kuma maruru ba ne, ƙwayaye ne da ba su kai ga nuna ba.

Abin da ke tsayar da su sinadarai ne. Gidan ƙwai yana fitar da androjin fiye da kima. Androjin sinadari ne da ya fi yawa a jikin maza. Kowace mace tana da shi, amma kaɗan. Ga da yawa daga cikin masu larurar, jiki ba ya jin insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini, yadda ya kamata, sai insulin ɗin ya yi yawa a jini, shi kuma ya ƙara tunzura gidan ƙwai ya yi ta zuba androjin, ya kuma hana hanta yin furotin ɗin da ke ɗaure androjin ya rage masa ƙarfi. Daga nan ne gashi ke fitowa a haɓa da ƙirji, ƙurajen fuska su ƙi jin magani, gashin tsakar kai ya riƙa zubewa, wuya da hammata su yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa, al'ada ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba.

Likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su ne suka yi bayanin larurar a 1935 a kan mata 7 da suka duba. A 2003 aka yi taro a birnin Rotterdam aka tsayar da ƙa'idar gano ta: a samu biyu daga cikin alamomi uku, wato rashin sakin ƙwai a kan kari, ko yawan androjin a jiki ko a gwajin jini, ko waɗancan jakunkuna a hoto. Ku lura, mace za ta iya samun larurar ba tare da an ga komai a hoto ba, alhali sunan Turancin a kan jakunkunan nan na hoto aka gina shi. Shi ya sa ko masu sunan ba su gamsu da shi ba. A 2012 wani kwamitin masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tara ya ce sunan yana kawo ruɗani, ya ba da shawarar a canja. To mu da muke fara raɗin yanzu, me zai sa mu fassara kuskurensu? Kuma larurar ba ƙarama ba ce: a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, kuma waɗanda ba a gano ba za su iya kai kashi 70 cikin ɗari.

"Ƙarin mahaifa" ni dai na ce a ajiye shi gaba ɗaya. Wannan suna yana da mai shi, shi ne tsiron da ke fitowa a naman mahaifa wanda wani lokaci ake yi wa tiyata. Mace ta ji ƙari, ta ji mahaifa, ba abin da zai zo mata sai wuƙa da cire mahaifa. "Rikicewar al'ada" kuwa alama ce guda, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta.

Abin da na kawo shi ne: hawan sinadarin ƙwai. Na gina shi a kan hawan jini, don babu gidan da ba a san hawan jini ba daga Mabera har Gidan Igwai. An san ana auna shi, an san ana saukar da shi da magani da kula da abinci, an san ba a yanke shi da wuƙa, kuma an san in an saki magani yakan dawo. Duk abin da nake so mace ta fita da shi daga ɗakin awo ke nan.

Da na kawo wannan suna, wasu sun tofa albarkacin bakinsu. Ga abin da aka ce, da amsata.

Wata ungozoma da ke aiki a Bodinga ta rubuto: "Ɗiyata, wagga magana taki gaskiya ta, amma matan da ka zowa wurinmu haihuwa su ka biɗa. In kin ce sinadari ba su san mi kika nuhi ba. Mi ah hana a ce tsaikon ƙwai? Ƙwai ya taso yat tsaya, kowa ya gane."

Inna, wallahi tsaikon ƙwai ya yi daɗi a baki, kuma ya fi nawa gajarta. Abin da ya hana ni ɗaukar sa shi ne zai mayar da larurar ta haihuwa kaɗai. Budurwa mai gashi a haɓa za ta ce ita ba ruwanta da ƙwai yanzu. Wadda ta gama haihuwa za ta ce an wuce wurin, alhali haɗarin ciwon sukari yana nan tare da ita, kuma ana so a riƙa auna sukarinta duk bayan shekara 1 zuwa 3. Sannan ina tsoron dangin miji. Kin fi ni sanin yadda "ƙwanta ya tsaya" zai koma "juya ce" kafin a kai ƙofar gida, bayan kuwa da yawan masu larurar suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da taimakon magani. Amma kada mu yar da kalmarki. Mu ba ta aikin da ya dace da ita: tsaikon ƙwai ya zama sunan rashin sakin ƙwai, wato alama ɗaya cikin ukun nan.

Wani ɗalibin likitanci ya ce tunda androjin shi ne kan gaba, a ce "yawan sinadarin maza".

Ƙanena, a nan kam ba zan sassauta ba. A littafi ba laifi, amma a unguwa wannan suna zai zama abin gori. Yarinyar da ke ɓoye haɓarta da niƙabi don gashi, a ce mata tana da sinadarin maza, gobe za a kira ta mata-maza, kuma wannan wani abu ne daban da ba shi da alaƙa da larurarta. Aure yana iya fasuwa a kan kalma irin wannan. In za mu ambaci sinadarin, mu kira shi da sunansa, androjin, mu ƙara da cewa jikin kowace mace yana yin sa.

Gyaran da ya fi shiga raina daga wata likitar mata ya zo. Ta ce ba duk mai larurar ce ake samun androjin ɗinta ya hau ba, akwai wadda tsaikon ƙwai da hoto kawai take da su. Ta ƙara da cewa insulin ba daga gidan ƙwai yake fitowa ba, haka ma LH, wani sinadarin da ke sa gidan ƙwai aiki, wanda ke saukowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa.

Likita, gaskiyarki. Abin da zan ce shi ne, shi ya sa na ce sinadari ban ce androjin ba. Waɗancan ƙananan jakunkuna suna fitar da wani sinadarin, AMH, kuma yakan hau idan sun yi yawa, har ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2023 ta yarda a auna shi a madadin hoto ga wadda ta girma. Ke nan ko androjin bai hau ba, galibi akwai wani sinadarin gidan ƙwai da ya hau. Batun insulin kuwa na yarda sunan bai ɗauke shi ba, sai dai baki ya cike.

Wani malamin Hausa ya ce ƙa'ida ita ce "hawan sinadarin gidan ƙwai", don ƙwai ba ya fitar da komai, gidansa ke fitarwa. Malam, Allah ya ƙara sani. A rubuce mu bi naka. A baki na san za a gutsure "gidan", kuma ban ga illa ba.

Yanzu a gwada sunan a bakin aiki, a ga ko zai ɗauki bayanin magani.

Idan na ce wa mace, "Hajiya, sinadarin ƙwanki ne ya hau," tambayar da ke biyo baya ita ce ta yaya za a saukar da shi. Nan ne nake samun ƙofa. In tana da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan taimaka wa al'ada ta daidaita. Mai kilo 80 kilo 4 zuwa 8 ke nan. Ba sai ta bar tuwo ba. A rage lemon kwalba da sukarin da ake zuba wa fura da kunu, a rage tulin shinkafa, a ƙara wake da zogale da rama, a yi tafiya da sassafe ko bayan la'asar tunda ranar Sakkwato ba ta barin a yi da tsaka. Magungunan sa ƙiba irin su sha-ka-fashe kuwa a nisance su, don wasunsu suna ɗaga sukarin jini. Siririya ma tana iya samun larurar, kada a sallame ta don ba ta da jiki.

Wadda ba ta neman ciki yanzu, maganin farko shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu. Tana rage androjin da gidan ƙwai ke yi, tana daidaita al'ada. Nan ma sunan yana taimako, don ana iya gaya wa uwa ko miji cewa don saukar da sinadari aka ba da ita. Amma likita ne zai ba da, domin ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai wani nau'in ciwon ɓarin kai. Gashi ba ya raguwa da wuri, sai an yi kamar wata 6. In bai ji ba akan ƙara spironolactone, da sharaɗin kada a ɗauki ciki a kansa, don yana iya cutar da ɗan tayi namiji. Metformin kuma, wanda aka sani da maganin sukari, yana taimaka wa jiki ya ji insulin.

Mai neman ciki, letrozole shi ne na farko yanzu wajen sa ƙwai ya fita, gaba da clomiphene da aka daɗe ana bayarwa. Akwai wata 'yar tiyata da ake yi wa gidan ƙwai idan magunguna sun gaza, amma ba da ita ake farawa ba, kuma ba cire ƙari ba ne.

Abu ɗaya da nake roƙo kowa ya isar gida: al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba, kuma ba ciki ba shayarwa, a je asibiti. Shimfiɗar cikin mahaifa tana yin kauri in ba ta zuba, kuma in an bar ta shekaru tana iya kaiwa ga ciwon daji. Haka idan murya ta yi kauri ko gashi ya bazu cikin 'yan watanni, wannan ba na jira ba ne, ana binciken wani abin daban. Kuma kafin a ɗora wa mace sunan nan sai an duba tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai fitar da sinadari, da sinadarin ruwan nono, don su ma suna rikita al'ada. Yarinyar da ba ta kai shekara 8 da fara al'ada ba kuwa, ba a yanke mata hukunci da hoto, saboda a wannan shekarun jakunkunan kan yi yawa ko lafiyarta lau.

To ga inda muka tsaya. Larurar: hawan sinadarin gidan ƙwai, a taƙaice hawan sinadarin ƙwai. Rashin sakin ƙwai: tsaikon ƙwai, kyautar Inna. Androjin ya zauna da sunansa. A takardar asibiti a ci gaba da rubuta PCOS a gefe, don in mace ta je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Maryam Abacha a gane abin da take nufi.

Saura guda, rashin jin insulin. "Juriya" da wasu ke rubutawa ba ta yi ba, don juriya abin yabo ce a Hausa, mace za ta ɗauka jikinta ne ke da ƙarfi. Ni ina ganin tirjiya, a ce jiki yana yi wa insulin tirjiya. Malam, Likita, ku duba mana wannan.